Ɗalibata Mai In'ina

Shekarar da aka mayar da ni wata makarantar firamare a ƙasar Bakura, aji biyar aka ba ni. Makarantar tana bakin gari ne. Idan na tsaya a tagar ajina ina hango kanal ɗin da ke kawo ruwa daga madatsar ruwa ta Bakolori, da gonakin albasa da alkama a gefensa har inda ido ya tsaya. Ni kuwa a Talatar Mafara nake zaune wurin mahaifiyata, inda na koma tun rasuwar maigidana. Kullum da safe nake bin mota in zo, bayan azahar in koma.

Yaran ajin suna da yawa, benci bai ishe su ba, wasu a kan buhu suke zama. A benci na ƙarshe, jikin bango, akwai wata yarinya doguwa, siririya, wadda da gani ta girmi sauran. Ranar farko da nake kiran suna, da na zo kanta sai ta ɗaga hannu kawai. Na sake kira, ta sake ɗaga hannu. Yara suka ce, "Malama, ba ta magana."

Na ce, "Bebiya ce?"

"A'a, in'ina gare ta. In ta fara magana sai an gaji da jira."

Suka kwashe da dariya. Ita kuwa ta sunkuyar da kai tana murza gefen hijabinta. Na tsawata musu, na ci gaba da kiran suna.

Daga baya malamin da ya riƙe su a aji huɗu ya ba ni labarinta. Fulani ne daga wata ruga a ƙasar Maradun. 'Yan bindiga suka kore musu shanu suka tashi rugar, sai mahaifinta ya kwaso iyalinsa ya zo nan yana ƙwadago a gonakin albasa. Ba ta shiga makaranta da wuri ba, shi ya sa ta girmi 'yan ajinta. Ya ce yarinyar ba ta da fitina, amma duk ranar da ya matsa mata da tambaya a gaban aji kuka take yi, washegari kuma ba ta zuwa. Saboda haka na ƙyale ta. Ta kan zo, ta zauna, ta rubuta abin da ke kan allo, a tashi ta tafi.

Ana nan muka shiga darasin raba abu kashi-kashi: rabi, sulusi, rubu'i. Duk malamin da ya koyar da wannan ya san inda yara suke tuntuɓe. Sai su ce rubu'i ya fi sulusi girma, tunda huɗu ta fi uku. Na yi bayani har muryata ta dushe, na yi musu ɗan gwaji, akasarin ajin suka faɗi a wannan tambaya, har da na gaba-gaba da nake ji da su. Amma 'yan matan benci na ƙarshe gaba ɗayansu sun ci. Na ce a raina wata ce ta yi dace sauran suka kwafa. Washegari na rarraba su, kowacce na kai ta wani lungu na ajin, na sauya tambayoyin. Suka sake ci.

Na kira ƙaramar cikinsu, wata mai surutu, na ce, "Wa yake koya muku a gida?"

Ta ce, "Ba a gida ba ne, Malama. Ita ce." Ta nuna doguwar yarinyar.

"Ita da ba ta magana?"

"Ai a gaɗa take koya mana. In tana waƙa ba ta in'ina."

Da aka fita tara, na yi kamar zan zaga bayan aji, na tsaya inda ba za su gan ni ba. Suna ƙarƙashin wata darbejiya sun yi da'ira suna tafi. Muryar da ke ba da waƙar siririya ce, tana fita tar, babu ko gargada. Tana cewa dawon fura ɗaya mu uku muka raba, kowa ta sami sulusi. Baƙuwa ta zo mun zama huɗu, rabon kowa ya ƙanƙance, shi ne rubu'i. Sauran suna amsawa, "Ayye raba mana." Ta ci gaba da ƙara baƙi, na biyar, na shida, rabo yana ta raguwa, yaran suna dariya suna nuna ƙanƙantarsa da yatsu. Abin da na kwana biyu ina fama da shi da alli, ta gama shi kafin a kaɗa ƙararrawa.

Ranar da aka tashi na ce ta tsaya. Ta zaci laifi ta yi. Na ce mata ba sai ta yi magana ba, na miƙa mata alli. Na rubuta lissafi a allo, ta yi. Na rubuta wanda ya fi shi, ta yi. Na ɗauko na 'yan aji shida da ba a taɓa koya mata ba, ta daɗe tana kallonsa, sai ta zana wasu 'yan akwatuna ta rarraba su, ta fito da amsar ta wata hanya da ba ita ce a littafi ba. Na ce ta kyauta, ta iya tafiya. Ta kai bakin ƙofa sai ta dawo, ta ɗauki allin, ta rubuta da Hausarta mai karkatattun baƙaƙe: in aka raba abu biyu, aka ɗauki rabin aka sake raba shi biyu, aka yi ta yi, yaushe zai ƙare?

Na ce, "Ke me kika gani?"

Ta buɗe baki, leɓɓanta suka yi ta rawa a kan harafin farko. Na kalli taga don kada idona ya takura ta. Can ta ce, "B-b-ba ya ƙarewa. Wuƙar ce t-take kasawa."

Wannan ce magana ta farko da na ji daga bakinta. A mota ranar, har muka shiga Mafara ina juya ta a raina. Na yi shekaru ina koyarwa, na ga yara masu ƙoƙari, masu hadda, masu saurin ɗauka, amma ban taɓa samun wadda ta zauna ita kaɗai ta yi irin wannan tunanin ba. Na ji daɗi, na kuma ji tsoro, don na san inda yawancin yaran makarantarmu suke ƙarewa bayan aji shida: gona, talla, ko zaman gida.

Na tono tsofaffin littattafaina na ƙaramar sakandare a adakar mahaifiyata, na riƙa kai mata ɗaya bayan ɗaya. Lissafi dai kamar ruwa take shan sa. Amma Turancinta yana baya ƙwarai, don ba ta taɓa karanta shi a fili ba, kuma a gidansu Fulatanci ake yi, Hausa ma a waje take jin ta. Muka ware lokacin tara don wannan. Wani lokaci ta gane, wani lokaci ta haɗe rai ta ture littafin. Ba yarinya ce mai sauƙin kai ba in abu ya gagare ta. Da shekara ta ƙare na roƙi a bar ni in bi ajin zuwa aji shida, aka yarda.

A tsakiyar wannan shekara sanarwa ta zo. Wata sakandaren 'yan mata a Talatar Mafara tana da ajin kimiyya, kuma ƙungiyar tsofaffin ɗalibanta ta kan ɗauki nauyin 'yan mata kaɗan daga makarantun ƙauye, ta ba su kayan makaranta da littattafai. Za a yi jarrabawa a rubuce, waɗanda suka ci kuma a yi ganawa da su baki da baki. Na shiga ofishin hedimasta, wani dattijo mutumin Garbadu da ya kusa ritaya, na faɗa masa wadda nake so a sa.

Ya ce, "Malama, na san kina son yarinyar nan. Amma guraben da aka ba mu kaɗan ne. In muka tura wadda za ta je ta tsaya ƙiƙam gaban mutane, mun ɓata gurbi, mun kuma kunyata ta. Kin yi tunanin wannan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, na yi. Abin da nake roƙo, ka shirya musu gwaji da kanka, duk 'yan matan ajin, kai za ka duba. Wadda ta ci ita za ta je."

Haka ya yi. Bayan ya gama dubawa ya aiko aka kira ni. Na same shi ya cire tabarau ya ajiye a kan takardun. Bai yi dogon bayani ba, ya ce, "Ki je ki ga ubanta. In ya yarda, ni na sa hannu."

Kafin in je, sai da na fara da gida. Na san babu uban da zai yarda ɗiyarsa ta shiga makarantar kwana a yankinmu bayan abubuwan da suka faru a irin waɗannan makarantu, kuma ni kaina ba zan ba da wannan shawara ba. Sai dai ta yi jeka-ka-dawo, kuma wannan yana nufin ta sami gidan zama a Mafara. Na faɗa wa mahaifiyata muna tsince shinkafa.

Inna ta ce, "Shawara kike nema ko kin riga kin yanke?"

Na ce, "Shawara nake nema, Inna."

"To mi za ya hana? Kawo ta. Ke kullum kina hanya, gidan ya yi mini shiru."

Gidan su yarinyar ɗaki ɗaya ne na laka da mai gonar ya ara musu a bayan gari, an kewaye shi da dangar kara. Na je da la'asar, na tarar da mahaifin ya dawo daga ban ruwa, ƙafafunsa duk taɓo. Ya shimfiɗa mini tabarma a ƙofar gida, shi ya tsuguna can nesa. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, ya sake komowa kan gida. Mahaifiyar ta kawo ruwa ta koma ciki da goyonta. Sannan na faɗi abin da ya kawo ni.

Ya daɗe yana zane a ƙasa da tsinke. Can ya ce, "Malama, ni na san yarinyar tana da kai. Tun muna ruga, tana ƙarama, in shanu suka dawo kallo ɗaya take yi ta san wadda ba ta shigo ba. Amma wagga magana ta fi ƙarfina. Mahaifiyata ce ta rene ta, tana Maradun wurin yayana. Abin da ta ce shi za a yi. In kina iyawa, mu tafi ki faɗa mata da bakinki."

Na ce zan iya. A lokacin hanyar Maradun ba a bin ta sai da addu'a. Inna ta ce in bari sai ranar da motoci suka yi yawa, in fita da hantsi, kuma kada la'asar ta same ni a can. Haka muka yi. Mahaifin ya zo Mafara muka shiga mota tare, shi a gaba ni a baya cikin mata. Duk inda direba ya rage gudu sai kowa ya miƙa wuya. Da muka hango gine-ginen garin wata tsohuwa a gefena ta sauke ajiyar zuciya ta ce alhamdu lillahi, duk motar muka amsa.

Kakar tana zaune a wani gida a gefen gari, 'yar ƙaramar tsohuwa, fara, mai kaifin ido. Ta sa aka dama mini fura, ta ƙi yin maganar komai sai da na sha. Ɗanta ya yi mata bayani da Fulatanci, tana jin sa tana kallona. Sannan ta juyo da Hausa.

"Ke ce malamar?"

"Ni ce, Goggo."

"Kina da ɗiya?"

"Allah bai ba ni ba."

Ta gyaɗa kai. Ta ce in'inar ba ta dame ta ba, don kakan yarinyar ma haka yake, kuma har ya rasu in ya fara magana a taro kowa shiru yake yi ya jira shi. Abin da ya dame ta daban ne. Ta ce, "Mu aka kore wa shanu, mu aka tasa, amma yanzu in muka shiga kasuwa mu ake kallo. A ƙauye an san ubanta, an san abin da ya same shi. A birni wa ya san ta? In wata ta ce mata ɗiyar ɓarayi, ita da bakinta ba ya saurin ramawa, mi za ki yi?"

Na so in ce ba wanda zai faɗa mata haka, amma na san ƙarya ce, kuma tsohuwar za ta gane. Na ce, "Goggo, ba zan iya toshe bakin kowa ba. Abin da zan iya, in an faɗa mata, za ta dawo gida ta tarar da waɗanda za su saurare ta har ta gama, kuma washegari ba ita kaɗai za ta koma makarantar ba."

Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta koma tambayata su waye a gidanmu, akwai maza manya, wa yake girki, ana tashi sallar asuba. Na amsa duka. Ta ce mu kama hanya kada rana ta yi. Na dawo Mafara ban san matsayina ba, har na fara shirya yadda zan faɗa wa hedimasta ya ba wata gurbin. Sai ranar wata Talata mahaifin ya zo kasuwa ya biyo ta gidanmu da ƙunshi a hannu. Sabon zane ne da ɗan kwali. Ya ce, "Mahaifiyata ta ce a ba yarinyar ta ɗaura ranar jarrabawa." Nan na gane tsohuwar ta yarda.

Jarrabawar rubutu ba ta ba ni tsoro ba sai ɓangaren Turanci, kuma da sakamako ya fito ta haye shi da ƙyar, lissafin ne ya ɗaga ta sama. Saura ganawa. Muka shiga shiri. Na lura in tana buga yatsa a cinyarta a hankali, kamar mai bin kiɗa, kalmomi sun fi fito mata, sai muka riƙa yin haka. Hedimasta da kansa ya kan zauna a kujerarsa ya ɗaure fuska ya yi mata tambayoyi kamar baƙo. Wata rana ta yi kyau, wata rana ko sunanta ya ƙi fita, ta fashe da kuka. Na ce mata zan je in ga masu ganawar tun kafin ranar in yi musu bayanin lalurarta. Ta girgiza kai da ƙarfi. Ta ce ita za ta faɗa musu da kanta. Sai muka tsara jimla guda, da Hausa da Turanci, ta riƙa maimaita ta: ina da in'ina, don Allah ku jira ni.

Ranar ganawar ta kwana a gidanmu, Inna ta yi mata kunun gyaɗa da safe, ko rabi ba ta sha ba. A makarantar an jera 'yan mata a baranda, kowacce da wanda ya kawo ta. Kowace yarinya in ta shiga ba ta daɗewa take fitowa. Da aka kira tawa, ta miƙe ta gyara zanen kakarta ta shiga, aka rufe ƙofa.

Shiru ba ta fito ba. Lokacin da sauran suka ɗauka ya wuce, ya ninka. Matar da ke kusa da ni ta ce, "Lafiya kuwa?" A raina ina ganin ta tsaye, baki a buɗe, harafi ya maƙale, manya suna kallon agogo. Na fara zargin kaina da jawo yarinya cikin abin da zai karya mata zuciya. Na tashi na je bakin famfo na wanke fuska, na dawo, har yanzu ƙofar a rufe. Na karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

Da ƙofar ta buɗe, abin da na fara gani hannunta ne, fari fat da alli har gwiwa. Fuskarta babu hawaye. Bayanta wata malama ta leƙo ta ce, "Wa ya kawo wannan?" Na miƙe. Ta ce in same ta in an gama.

Ita ta ba ni labarin abin da ya faru, don yarinyar da na tambaye ta cewa kawai ta yi, "S-sun jira." Malamar ta ce da ta shigo, kafin kowa ya yi tambaya ta faɗi jimlarta, ta ɗauki lokaci amma ta kai ƙarshe. Suka tambaye ta suna da gari da aikin mahaifinta, ta amsa a hankali tana buga yatsa. Sai malamin lissafin da ke cikinsu ya yi mata tambaya guda, ta nuna allo, ya ba ta alli. Daga nan, in ji malamar, ganawa ta koma wani abu daban. Ya ba ta wata, ta yi. Ya ba ta wadda ya kan ba 'yan aji biyu na sakandare, ta yi kuskure a tsakiya, ta ja da baya ta kalle shi, ta goge da hannu ta gyara kafin ya ce komai. Sai da shugabar ganawar ta tuna masa akwai sauran yara a waje.

Malamar ta ce, "Ba ni da izinin faɗa miki sakamako. Amma ki je ki ci abinci, na ga alamar ba ki karya ba."

Muka fito bakin titi na tsayar da mai kabu-kabu, sai na ji ba zan iya hawa ba tukuna. Muka zauna a gindin wata bishiya na sayi rake muka sha, ni da ita. Rabona da in ji jikina sakayau haka har na manta.

Da sunaye suka fito tana ciki. Hedimasta ya tara makaranta a filin taro ya faɗa, 'yan benci na ƙarshe suka yi ta tsalle kamar su aka ɗauka. Mahaifinta kuwa da na kai masa labari a gona, ya ajiye fartanya ya juya mini baya na ɗan lokaci, sannan ya juyo ya yi ta godiya har na ji kunya.

Zamanta a gidanmu bai fara da sauƙi ba. Ba ta saba da tuwon shinkafa kullum ba, ba ta saba da hayaniyar gari ba, kuma makonnin farko in ta idar da sallah sai in ga tana share ido. Abin da kakarta ta ji tsoro ma ya faru, sau ɗaya dai da na sani. Wata 'yar ajinsu ta faɗa mata maganar a wajen ɗiban ruwa. Ta dawo ta zauna a tsakar gida ta faɗa mana, ta daɗe kafin ta kai ƙarshe. Washegari kafin in gama shiri Inna ta riga ta yafa mayafi. Ta ce in tafi aikina, wannan nata ne. Ban san abin da ta faɗa wa shugabar makarantar ba, amma an kira uwar wadda ta yi maganar, an ba da haƙuri, kuma daga baya har gidanmu waccan yarinyar take zuwa a koya mata lissafi.

Rigimar da ta fi daɗewa tsakaninta da Inna ce. Mahaifiyata mace ce mai saurin baki, ba ta iya jiran magana. Da yarinyar ta maƙale sai Inna ta ƙarasa mata, kuma yawanci ba abin da take nufi ba ne. Ta ce, "Inna, ina son r-r-r," Inna ta ce, "Ruwa? Ga randa can." Alhali rariya take nema. Na yi wa Inna magana a gefe, ta ce ai taimakonta take yi. Aka yi ta haka har wata rana ina ɗaki ina jin su a madafa. Yarinyar ta fara magana, Inna ta tsoma baki, sai na ji ta ce, a hankali amma babu tsoro, "Inna, b-bari in ƙarasa."

Na yi tsit ina jiran abin da zai biyo baya, don ni da aka haifa a gidan ban taɓa faɗa wa Inna haka ba. Sai na ji tsohuwar ta yi dariya ta ce, "To, ƙarasa, ɗiyata. Na kama bakina."

Yanzu tana babbar sakandare, ajin kimiyya. In'inar tana nan, ba ta tafi ko'ina ba, Turancin kuma ya miƙe har ta kan gyara mini. Lokacin hutu mahaifinta ya kan zo ya tafi da ita Bakura, in hanya ta yi kyau su leƙa Maradun. Ban san inda karatun zai kai ta ba, don abin da ke gaba ya fi wanda muka wuce tsada da nisa, kuma ban yi wa kowa alkawarin abin da ba ya hannuna ba. Jiya dai da na dawo daga aiki na tarar da su biyu a tsakar gida, Inna tana yankan kuɓewa, ita kuma tana yi mata bayanin yadda ake samun kusufin wata, tana gwadawa da lemo da fitilar hannu. Inna ba ta yarda da ko kalma ɗaya ba, amma ta bari sai da aka kai ƙarshe kafin ta ce sam ba haka ba ne.